Shamuwa Biyu a Kan Tsagaggen Reshe

Dayi,
Ƙaramar Hukumar Malumfashi.

Zuwa ga Yaya Zaharaddeen,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya a duk gaɓar da jirgin ruwanku ya tsaya. Allah ya tsare ka daga sharrin ruwa da na iska, ya sa wa nemanka albarka, ya dawo mana da kai lafiya. Mu nan sai godiyar Allah. Masara ta yi goyo, dawa ta kai kafaɗa, Baba kuma ƙafar tasa da sauƙi. Ni har yanzu ina gida wanka. Arba'in ta wuce tuni, amma Gwaggo Hajo ta ce tunda Inna ba ta raye ita ce uwa, kuma ba inda za ni da haihuwar fari sai yarinya ta yi ƙwari. Maigidana Abdussamad duk Juma'a yana tafe daga Funtua a kan babur yana ƙorafi, ita ko a jikinta. Yasmin ta fara dariya, goshinta sak naka.

Yaya, akwai abin da muka gani a daminar nan wanda na kasa barin sa a cikina, kuma ba zai faɗu a waya ba, ga yadda layinku yake yankewa. Ka tuna rimin bayan gida, wanda babban reshensa ya miƙo saman ɗakin Baba? Tun shekarar da Inna ta kwanta ciwo wasu shamuwa biyu suke sheƙa a kan reshen nan. Baba ya sa masu suna: mai ɗingishi Gurguwa, ɗayan Dogo. Yaya Kabiru yakan ce shamuwa duk kamarsu ɗaya, Baba kuwa ya ce shi ya san baƙinsa. Bana ma sun zo kafin ruwan fari. Ni da ba ni da aiki sai shayarwa, na zama 'yar kallonsu ta taga. Wannan ya kawo kara, waccan ta gyara masa zama. Da suka yi ƙwai, sai kwanci ya zama karɓa-karɓa. In mai kiwo ya dawo, sai su sunkuyar wa juna da kai, su kaɗa baki ƙwas-ƙwas, sannan na kwance ya miƙe ya ba ɗan'uwansa wuri.

'Ya'ya uku suka ƙyanƙyashe. Ba a jima ba aka yi wata iska da ta tsaga reshen daga gindinsa, ya sunkuyo har yana neman taɓa kwanon ɗakin Baba. Yaya Kabiru bai yi wata-wata ba, ya ɗauko mai injin yankan itace daga Malumfashi. Har mutumin ya ɗaura igiya Baba ya fito ya ce a dakata, akwai masu gida a sama. Yaya Kabiru ya ce shi ba zai zauna yana kallo itace ya danne mahaifinsa saboda tsuntsu ba, in wani abu ya faru me zai gaya maka, me zai gaya wa dangi? Kuma gaskiya ce ya faɗa. Baba ya ce in dai ransa ake ji wa tsoro, abin mai sauƙi ne. Ya shiga ya naɗo buzunsa, ya ɗauko matashi da rediyo, ya nufi zaure. Ka san tun rasuwar Inna a ɗakin nan bai taɓa kwana a wani wuri ba, ko bikin Musawa a ranar ya juyo. Gwaggo ta kama baki. Mai inji ya kwance igiyarsa ya tafi. Mutanen unguwa suka riƙa tsokanar Baba, wai Malam Sada ya bar wa shamuwa turaka ya koma baƙo a gidansa, shi kuwa sai dai ya yi murmushi.

Ranar da ba zan manta ba, bayan la'asar ne hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas, ya sauko da ƙanƙara. Da farkon saukarta, ƙarar kwano har ta hana ni jin kukan Yasmin da ke ƙirjina. Dogo ne a sheƙa. Na ga ya durƙusa ya buɗe fukafukansa ya lulluɓe 'ya'yan, ya cusa kansa ƙasa, ƙanƙara tana dukan bayansa tana tsalle. Reshen yana sama yana ƙasa, yana wani kuka kamar tsohuwar ƙofa. Na ce a raina yanzu zai tashi ya tsira da ransa. Bai motsa ba. Can sai na hango wani baƙin abu daga wajen fadama yana kokawa da iska. Gurguwa ce. Iska ta kwashe ta ta yi baya da ita, ta sake yunƙurowa, ta sake kwashe ta, har dai ta samu ta damƙi bakin sheƙar da ƙafarta mai lafiya. Ta tsaya ta ɓangaren da iskar take bugowa, ta buɗe nata fukafukan a kan Dogo. Yaya, ka duba fa. Tana can a sake, tana iya laɓewa a kowane kurmi, amma ta zaɓi ta dawo cikin dukan. Na leƙa na ga Baba tsaye a ƙofar zaure, ya jiƙe sharkaf, ba abin da yake maimaitawa sai subhanallahi.

Da ruwa ya ɗauke muka tarar da ɗa guda a ƙasa ya mutu, Dogo kuma fiffikensa na hagu ya saki. Daga nan kiwo ya koma kan Gurguwa ita kaɗai. Ta bi masu huɗa da shanu tana tsintar fara da tsutsa, ta dawo ta amayo wa 'ya'yan, ta juya ko hutawa babu. In rana ta take, sai ta ɗebo ruwa a baki ta ɗiga masu. Dogo kuwa ya ba rana baya, ya yi masu inuwa da fiffikensa mai lafiya, ba ya cin komai sai abin da ya faɗo daga bakinsu. Duk su biyun suka rame. Baba ma cin abincinsa ya ragu, har Gwaggo ta yi masa faɗa, ta ce ko shi ne ya ƙyanƙyashe su. Wata safiya Gurguwa ta sauka da kiwo, sai Dogo ya sunkuyar mata da kai, ya gwada fiffiken, ya faɗa cikin iska a karkace, ya nufi gona. Ita kuma ta kwanta a sheƙar ta lumshe ido. Yaya Kabiru da ke ɗaure akuya ya saki igiyar ya bi shi da kallo har ya ɓace, ya ce wallahi wannan Dogo ne, ya gane shi.

'Ya'yan biyu sun tashi lafiya, yanzu tare suke kiwo da iyayen. Da aka dawo da mai inji ya sare reshen, sai ga cikinsa duk ya ruɓe, ɓawo ne kawai ya riƙe shi. Mutumin ya ce bai san abin da ya hana shi faɗuwa ba. Yaya Kabiru da kansa ya hau ya ɗaure tsohuwar sheƙar a wani reshe mai ƙwari, ko Allah zai sa su karɓe ta baɗi. Baba ya koma ɗakinsa.

A makon ne saƙon muryarka ya shigo, wanda kake ba mu labarin manyan fararen tsuntsayen da ke bin jirginku, masu fukafukai da suka fi gaba guda, wato faɗin hannuwan mutum biyu a miƙe. Ka ce ƙwai ɗaya tak suke yi a tsibiri, ɗaya ya kwanta a kansa kwana da kwanaki ba ci, yana jiran ɗan'uwansa ya dawo daga teku ya karɓe shi, kuma sukan tsufa da abokin zama guda. Na kunna wa Baba a tsakar gida. Ya ce in maimaita, na maimaita. Ya ja carbinsa, sannan ya ce ashe Mai koya wa na Dayi shi ne Mai koya wa na teku. Ya kuma ba ni saƙo gare ka. Ya ce ka tambayi tsofaffin ma'aikatan jirgin, waɗanda suka san tsuntsayen nan: in ɗaya ya tafi teku bai dawo ba, na sheƙar har yaushe yake jira, kuma in shekara ta zagayo yakan koma wurin shi kaɗai? Ya ce ka faɗa masa yadda abin yake, kada ka ba shi amsar lallashi. Da ya gama faɗa sai ya tashi ya shiga ɗaki ya saki labule.

Baba yana sa maka albarka. Gwaggo Hajo tana gaishe ka, ta ce ka riƙa rufe ƙirjinka saboda sanyin ruwa. Yaya Kabiru da matarsa Sadiya suna gaisuwa, haka ma Abdussamad da Kawu Mati. Ka gai da abokan aikinka. Don Allah kada amsar Baba ta daɗe, ko a murya ce ka turo, zan kunna masa.

Taka ƙanwa,
Zakiyya Sada