Surukar 'Yata Ta Kira Ni Mai Ruwa

Salamar Ubangiji ta kasance da ku 'yan uwa. Admin, a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, amma wanda zai ce min girma ya faɗi ya riƙe abinsa, na ji wannan a gida har na ƙoshi.

Ni magidanci ne a nan Dutse, mataimakin darakta a wata ma'aikata, na ba hamsin baya. Shekara da shekaru a bencin gaba nake zama a majami'armu ta Yalwawa, da babbar riga, ana ce min ranka ya daɗe. Gaskiya ko waƙa ba ta shiga jikina, agogo kawai nake dubawa.

To akwai wani dattijo da yake ɗebo wa majami'a ruwa da kura duk Asabar, ya cika duro, ya kai wa tsofaffinmu huɗu da ba su da kowa. Bara ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye. Kwamiti ya zauna sau uku a kan wa za a ɗauka, har da ni a ciki, muna ta shan lemo. Ana haka na leƙa gidan wata tsohuwa makauniya da muke kira Iya, na tarar kwananta biyu tana lallaɓa ɗan guntun ruwa a kofi. Kunya ta kama ni. Washegari na sa tsohuwar singileti na ja kurar zuwa bohol, jarka goma sha biyu, kafin in iso hannuna duk ya yi kanta. Da na cika mata randa ta lalubo kaina ta dafa, ta sa min albarka, ba ta ma san ko wane ne ba. A hanyar komawa na tsinci kaina ina waƙar sujada da ƙarfi kamar wani sabon tuba. Tun ranar ban fasa Asabar ko ɗaya ba, kuma ban taɓa jin daɗin zama Kirista irin na shekarar nan ba.

Yanzu ga inda matsalar take. 'Yata ta fari ta samu miji, yaron kirki, iyayensa a unguwar Takur suke. Wata Asabar na bi ta layinsu da kura, sai mahaifiyarsa ta leƙo ta ƙwala min kira, wai mai ruwa zo nan. Ni na gane ta, na ga hotonta a wayar 'yata, ita ba ta taɓa ganina ba. Na shiga na juye mata jarka biyu, har ta yi min faɗa wai na jiƙa mata baranda, na ba ta haƙuri, ta shiga ɗaki ɗauko kuɗi, na fita kafin ta dawo. Nan kam na yarda da laifina, ya kamata in gaya mata ko ni wane ne. Abin ne ya ba ni dariya na yi shiru.

Bayan sati biyu suka kawo kayan gaisuwa, ta shigo falo ta gan ni a zaune da hula. Baiwar Allah ko ruwa ba ta iya sha ba. Da suka koma ta ce da gangan na yi don in wulaƙanta ta. Na je har gida na roƙi gafara, ta ce ta yafe, amma ba za a sa rana ba sai na ajiye kura, don ba za ta zama abin nuni a cikin ƙawayenta ba.

Matata ta sa wa kurar sarƙa da kwaɗo, na sa an yanke. Fasto ya kira ni ofis ya ce hidima iri-iri ce, in ɗauki ɗan ga-ruwa mana, ai tsofaffin ruwa suke so. Na ce masa da nake dumama benci ban taɓa ji ya kira ni ofis ba. Dattawan ikilisiya kuma suka ce ina zubar musu da mutunci a gari. Na tambaye su, Ubangijin da muke bi da ya durƙusa ya wanke ƙafafun almajiransa, mutuncin wa ya zubar? Sai suka hau gyaran murya. Ban yi sata ba, ban ci amanar kowa ba, ruwa nake kai wa tsofaffi.

Duk waɗannan na iya da su. Jiya ne 'yata ta same ni ina gyara tayar kura, ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ta san abin nan ya mayar da ni mutum, ita ma ta ga bambanci a gida, ba za ta ce in bari ba. Ta ce abu ɗaya take so in sani, ni nake jin daɗin, ita take ɗaukar nauyin.

Jibi Asabar ne, kuma da safen nan iyayen yaron suke jiran amsata. Zuciyata ta ce in tura abata in bi ta ƙofar gidansu ma. To amma ku gaya min tsakani da Allah, in na ƙi ajiyewa, don tsofaffin nan na ƙi, ko don kaina?