Tukunya Mai Lamba Arba'in da Bakwai

Xi'an, 3 ga Afrilu, 1987

Ƙanwata Qiulan,

Gaisuwa mai yawa. Ya yara, ya ciwon gwiwa?

A gidan tarihi an ɗora mini rubuta kundin tukwanen tagulla na bautar kakanni, kowace da asalinta da hannayen da ta bi. Jiya na manna takarda a cikin ta arba'in da bakwai, na buga tawada don ɗauko rubutunta: "'Ya'ya da jikoki su adana ta har abada." Kusan duka haka suke cewa. Amma wannan kunnenta ɗaya a lanƙwashe yake. Tukunyar Baba ce.

Katinta ya ce an tsinto ta a wurin narka ƙarfe a 1966, lokacin da samarin juyin juya hali ke ƙwace kayan gargajiya, ba a san mai ita ba. Ni na sani. Ba maƙwabcinmu Kawu Pang ne ya tona mu ba, kamar yadda aka zarge shi. Ni na tura ta a baro, don a ɗaura mini jan ƙyallen ƙungiyarsu a hannu kamar sauran samari. Na yi shiru Baba ya daina gaishe shi har suka mutu. Kunya ta hana ni cin abinci. Me zan rubuta a kundin?

Yayanki,
Wenzhao

Fufeng, 11 ga Afrilu

Yaya,

Muna lafiya, gwiwa tana nan.

Shekara ashirin da ɗaya, sai yanzu bakinka ya buɗe? To Baba ya sani. A asibiti ya ce mini, "Na ga sawun baron. Amma gara in rasa aboki da in kalli ɗana haka." Ni ma na rufe bakina, ina wuce matar Kawu Pang a kasuwa ina kau da kai. Kada ka ɗauka kai kaɗai ne mai laifi, ko a nan sai ka fi kowa?

Tsohuwar tana da rai. Kundinka ba ta iya karanta shi.

Ƙanwarka ba irin ta birni ba ce, yi haƙuri da rubutuna.
Qiulan

Xi'an, 19 ga Afrilu

Qiulan,

Ina gaisuwa. Na rubuta sunan Baba, na rubuta nawa a matsayin wanda ya kai ta narkawa. Shugabanmu ya ce, "Malam Dou, kundi ne ko kotu?" Na ce a bar shi haka.

Zan zo ranar Asabar. Tambayar mini matar Kawu Pang ko za ta buɗe mini ƙofa.

Wenzhao

Fufeng, 23 ga Afrilu

Yaya,

Na je, na faɗa mata komai. Ta daɗe tana tsince wake. Ta ce ka zo, amma ka ci abincinka kafin ka shigo, ba za ta dafa maka ba.

Sai ka iso.
Qiulan