Shara a Ƙarƙashin Itatuwan Koko

Assalamu alaikum, Yaya.

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana dogara sanda zuwa bakin rafi.

Yaya, maganar gonarmu ta koko da ke bakin kurmi ce ta hana ni sukuni. Da ka zo ka ga maciji kusa da inda Inna take zama, ka ce a share busasshen ganye da ruɓaɓɓen kututturen ayaba a ƙone. Na bi umarninka a ɓangaren gabas. Wurin ya yi fes, amma bana fure ya fito ya zube, ban ga ɗa ba sai jefi-jefi. Ɓangaren yamma kuwa, da ba a taɓa ba, 'ya'ya har jikin gindi.

Na koma kan ƙasidar da malamin gona ya raba mana. A ciki an bayyana cewa wasu 'yan ƙudaje, waɗanda ba su kai sauro girma ba, su ne ke kai ƙurar fure daga wannan fure zuwa wancan kafin a sami ɗa, kuma a cikin danshin ruɓaɓɓen ganye suke hayayyafa. Na sa tabarau na tsuguna gindin itace har na gan su da idona. Ashe gidansu muka ƙone.

Yanzu kullum da kwando nake ɗebo ganye daga kurmi ina mayarwa gabas. Maiɗakina ta ce a duk unguwa mijinta kaɗai ke fita neman shara ya dawo da ita yana murna. Na yi dariya, amma cikina bai yi ba, domin leburorin da ka aiko sun iso, sun ce ka ce a gama da yamma kafin ruwa ya dawo. Idan aka share nan, ban san abin da za mu tsinka baɗi ba.

Ban raina tsoronka ba. Na share wa Inna hanya mai faɗi, na saya mata takalmin roba, ko da yake ta ce nauyinsa ya fi macijin damunta.

Ka gaida uwargida, da Auta, da mai sunan Baba. Leburori suna zaune a inuwa, ashanar ƙona sharar tana aljihuna. Ba zan miƙa ba sai na ji daga bakinka.

Naka mai biyayya,
Ƙaninka.