Kaina Suke So Ko Jinina?

Baba, a taimake ni kafin in tafka wauta.

Ni dai tun ina yaro sauro ya mai da ni abin marmari. Ko mu goma ne a tsakar gida, ni kaɗai zai nufa. Ƙannena har rigima suke yi kan wa zai zauna kusa da ni, gwaggona kuwa Garkuwa take kirana. To, na nemi gurbin digiri na uku kan sauro da cututtukan da yake yaɗawa, irin wanda ake ɗauke wa ɗalibi komai har abinci. Ranar ganawa, ina tsaka da bayanin yadda sauro ke hayayyafa a tsofaffin tayoyi, sai ga guda ya tsallake malamai huɗu ya dira a goshina. Na kai masa mari, wato dai na mari kaina. Wani farfesa a cikinsu ya yi dariya har da hawaye, ya rubuta wani abu. Ba a jima ba aka ce an ɗauke ni.

Yanzu abokina ya ce a irin wannan bincike akan zaunar da mutum ya yaye ƙafar wando don a kama sauro, wai tarko suka samu, ba ɗalibi ba. Maganar ta tsaya mini a rai. Har na rubuta musu cewa na fasa, ban dai aika ba.

Mai Zaƙin Jini

Ɗana, goge wannan saƙo tukuna, sannan ka zauna mu yi magana.

Abokinka bai yi ƙarya duka ba, akan yi hakan. Saboda haka ka tambaye su dalla-dalla: mene ne aikinka, wace kariya ake bayarwa, wa ke da alhakin magani in zazzaɓi ya kama ka. In sun yi ta kame-kame, ka dawo mu sake shawara.

Amma ba wanda zai ciyar da ƙato shekara da shekaru saboda ƙwaurinsa. Ƙwauri ai ko a bakin titi an samu. Takardunka suka kai ka ɗakin ganawar nan tun kafin sauron ya san da zamanka.

In ma dariyar ta taimaka, sai me? Ni da kake gani, an ɗauke ni aikin jarida ne don ina da keke. Keken ya daɗe da komawa wajen 'yan gwangwan, ni kuwa ga ni ana ta kawo mini ƙara.

Ka amsa musu yau. Allah ya ba da sa'a, ya kai ka lafiya, ya dawo da kai da sauran jininka.