Hatimin Graciana

Elko, Nevada
Afrilu, 1974

Zuwa ga Orval Tingey, mai tuffa,

Ina gaishe ka, kai da iyalinka da itatuwanka. Mu nan tumaki na ta haihuwa, ba ni da lokacin dogon rubutu.

'Yata Graciana ta rubuto mini daga makarantarsu a Logan. Ka san bara ta shiga addininku na Mormon, ban ce mata komai ba. Yanzu kuma ta ce za ta auri Rulon, ɗan ƙanenka. Na karanta wasiƙar na sake karantawa, rabinta ban gane ba. Tana kiransa Dattijo Tingey. Da farko na zaci kai ne, har na tashi neman bindiga. Ta ce sun ga bishop ɗin unguwa, saura shugaban turke. Wane turke? Ni turken ɗaure doki na sani. Ta ce kuma ba ɗaurin aure kawai ba ne, hatimi za a buga musu a haikali da safe. Katin da ta sako ya ce in zo liyafa da yamma. To da safen ina zan kasance?

Shekara da shekaru kana kawo mini tuffa kana tafiya da ragunana, ban taɓa tambayarka addininka ba. Yau na tambaya. Ka amsa mini kamar mutum, ba kamar mai talla ba.

Ka huta lafiya.
Fermin Urrutia

Willard, Utah
Afrilu, 1974

Zuwa ga Ɗan'uwa Fermin, sarkin makiyayan Elko,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kowace tunkiya ta haifi tagwaye. Da gangan na ce Ɗan'uwa, gara ka fara sabawa. A wurinmu ko wanda ya danne ka a ciniki Ɗan'uwa ake ce masa, ka ga ke nan sunan ya daɗe da dacewa da kai.

Matata LaRue ta yi dariyar maganar bindigar nan har sai da ta nemi kujera. Ta ce in gaya maka in akwai yarinyar da za ta ɗauke ni, ita za ta kai mata ni har gida.

Dattijo a wurinmu ba furfura ba ce, matsayi ne. Yaro gemunsa bai gama fitowa ba, sai a ɗora masa hannu a ka, a tura shi wa'azi wata uwa duniya. Rulon ya yi nasa a Ajantina, yana buga ƙofofin mutane, karnuka suna raka shi da gudu. Wanda ya sha wannan ya dawo da murmushinsa, ai ya ci sunan.

Unguwa kuwa jama'ar da ke haɗuwa a majami'a guda ce. Bishop ɗinmu ba mai doguwar hula ba ne irin naku. Mai gyaran famfo ne. Ranar Litinin ya buɗe maka bututu, ranar Lahadi ya buɗe maka zuciya, na Lahadin kuma kyauta. Wannan shi muke cewa kira. Ba a nema, ba a kuma cika ƙi ba. Ni ma an taɓa kirana in koyar da yara. Da aka sallame ni, aka ce jama'a su ɗaga hannu su gode mini. Wasu hannayen dai sun tashi da saurin da har yau ban yarda da shi ba.

Turke shi ne ya fi burge ni. Annabi Ishaya ya kwatanta Sihiyona, wato jama'ar Allah, da babbar alfarwa mai igiyoyi da turaku. Unguwanni da yawa in sun haɗu, turke guda ke nan. Kakata da hannunta ta turo amalanke ta ƙetare ƙasar nan, ƙafarta a fashe. Inda suka tsaya babu komai sai gishiri da ƙaya, suka kafa turke, har yau alfarwar ba ta faɗi ba. Kai makiyayi ne, ka san darajar turke ranar iska.

Yanzu hatimi. Fada, limamin cocinku na Katolika, cewa yake sai mutuwa ta raba. Mu muna ganin wannan ciniki ne mai gajeren wa'adi. A haikali ana ɗaura aure na wannan zamani da na har abada. Ka ga yadda LaRue ke dafa tuffa lokacin kaka, ta zuba a kwalba, ta rufe murfin ya kama gam? Sanyi ya zo ya kashe kowane itace, amma abin da ke cikin kwalbar nan yana nan da zaƙinsa. To shi ke nan hatimi. Faɗa mini wane uba ne zai ƙi wa 'yarsa wannan?

A liyafa kada ka nemi giya ko kofi. Muna da doka, Maganar Hikima, ta raba mu da su, har da taba. Ruwan lemo za ka sha kamar yaron kirki. In ka ji an ce kai cikin Al'ummai kake, sunan da Yahudawa ke kiran wanda ba nasu ba, kada ranka ya ɓaci. A Utah ko Bayahude haka muke kiransa.

Maganar safiya kuma, in ka zo ma yi ta baki da baki.

Naka har kullum,
Orval

Elko
Mayu, 1974

Orval,

Ina gaisuwa. Wasiƙarka kamar kwandonka take, manya a sama. Na tona ƙasa ban ga abin da na tambaya ba.

Na je wurin fadan cocinmu. Ya ce ba za a bar ni in shiga ba. In gaskiya ne, me ya hana ka faɗa?

Ka ajiye kwalbar matarka. Ni ma ina da hatimi. Duk tunkiyar da na buga wa nawa ta fita daga garken wani ke nan, ko uwarta na can tana kuka. Uwar Graciana, Dominika, tana kwance a maƙabartar cocinmu, na bar wa kaina wuri kusa da ita. In an buga wa yarinyar nan hatimin Tingey har abada, mu biyu fa? Wannan nake tambaya. In ba ka da amsa, ka gaya musu su sha lemonsu ba da ni ba.

Kuma ka daina ce mini Ɗan'uwa.

Fermin

Willard
Mayu, 1974

Fermin,

Ina gaishe ka gaisuwar girma. Ka kama ni. To ga ƙasan kwandon.

Gaskiya ne, ba za ka shiga ba. Majami'a ta kowa ce, ko da karenka ka zo ba mai kallonka sau biyu. Haikali daban ne. Sai da takardar izini, ita ce 'yarka ta je nema wurin bishop da shugaban turke. Sukan zaunar da mutum su tambaye shi yadda yake zaune da Allah da mutane. Ba kai kaɗai ba, ƙannen Rulon ma a waje za su tsaya, da wani kawunsa da taba ta fi ƙarfinsa. Ba zan ba ka haƙuri a kan wannan ƙofar ba, domin ina alfahari da ita. Abin da ba a tsare shi ba, ba ya daɗewa da daraja. Amma na san da ciwo.

Tambayarka ta biyu ta fi ƙarfin mai tuffa. A koyarwarmu hatimi ba ya yanke kowa daga iyayensa, ƙullawa yake yi, daga 'ya'ya zuwa iyaye zuwa kakanni. Sai dai ƙullin ba ya kama wanda bai miƙo hannu ba, mai rai ne ko matacce. Ba zan ce maka yanzu an ƙulla ta da kai da Dominika ba. Ba zan kuma ce an rufe ba. Iyakar sanina ke nan, ban ƙara gishiri ba.

Yanzu ga abin da aka hana ni faɗa. Ranar Asabar Graciana ta zo rumfata a bakin hanya, ita da Rulon. Na miƙa mata tuffa, ko kallonta ba ta yi ba.

Ta ce, "Kawu Orval, Baba ya rubuto maka, ko?"

Na ce, "Tsohon nan ya iya rubutu ne? Na zaci raguna kawai yake ƙirgawa."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Mun fasa haikali. Bishop zai ɗaura mana a ɗakin taro, Baba ya riƙo hannuna ya kawo ni."

Na ce, "'Yar nan, kin san abin da ke biye? Wanda ya yi aure a waje sai ya jira shekara guda kafin a buga masa hatimi. Kuma kin san matan unguwa. Za su zuba wa cikinki ido suna lissafin watanni."

Ta ce, "Su lissafa. Za su gaji."

Na juya wurin Rulon na ce, "Kai fa, Dattijo? An cinye maka harshe?"

Ya ce, "Kawu, tun ina yaro nake mafarkin ɗakin hatimin nan na haikali. Amma in shekara guda ta gagare ni, ina ni ina har abada?"

Uwarsa tun ranar take kuka, ta ce in wani abu ya sami ɗayansu cikin shekarar fa? Ubansa ya daina cin abinci da mu. Ita kuwa 'yarka, da za su tafi ta nuna ni da yatsa ta ce, "In ka gaya wa Baba, Kawu, sai na gaya wa duk Willard inda kake ɓoye ƙananan tuffa."

Ga shi na gaya maka. Na daɗe a kasuwa, Fermin, na san kaya in na gani. Mun yi wa yarinyar nan baftisma, amma wannan taurin kan ba mu muka ba ta ba, daga Elko ta zo da shi. Takardar izininta na cikin jakarta, na gani da idona, ta sha wuya kafin ta samu. Ta ninke ta saboda kai. Ba na roƙonka komai. Kaya ne na shimfiɗa, ka duba.

Mai girmama ka,
Orval Tingey

Elko
Yuni, 1974

Orval,

Ina gaisuwa. Na kira ta a waya daga kantin gari. Mun yi faɗa, na ci. 'Yar Urrutia ba ta fara abu ta bar shi a rabi, kuma ba za a lissafa mata watanni saboda ni ba. Za ta shiga haikalinta. Zan tsaya a waje da hulata a hannu.

Ta ce akwai kujerun shaidu biyu a ɗakin hatimin, ɗaya ta uban ango, ɗaya akan ba uban amarya. Ta ce kuma kuna shiga ku tsaya a madadin matattu. To ni ban mutu ba, amma ka zauna mini a tawa. Ka saka riga mai kyau, kada ka yi surutu. Ba na son jin abin da aka faɗa a ciki. Fuskarta kawai za ka duba mini.

Ka rubuto ka gaya mini ta wace ƙofa suke fitowa.

Sai mun zo.
Fermin