Amalankena Ba Na Sayarwa Ba Ne

Zuwa ga Yayana Alhaji Sule,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Yaya zaman Fatakwal, yaya kuma ciwon gwiwar? Allah Ya ƙara sauƙi.

Saƙonka ya iso, cewa in sayar da amalanken kada a ce ɗan gidanmu ya koma dako. Yaya, ka gafarce ni, ba zan sayar ba. Ni ba kayan kowa nake ɗauka ba. Amalanken ɗan tireda shago ne bisa taya biyu. Nawa har rumfa gare shi, da wurin burodi da na sabulu.

Tun da manyan motoci suka koma tsayawa bakin shingen iyaka, teburina na kasuwa ya mutu, sai in wuni ban sayar da ko ashana ba. Yanzu ni ke bin direbobi har inda suke. Jiya wani Bamaraɗe ya ce, "Malam, gobe ka turo pus-pus ɗinka da wuri." Haka suke kiransa can.

Maganarka ta dame ni ƙwarai, amma da shi ake ɗora tukunya a gidana, kuma gobe ma zan tura shi.

A sa mu cikin addu'a. Ka gaida Hajiya da yara.

Ƙaninka,
Lawal, Jibiya