Jarrabawar Ɗantani

Zaitawa, Kano
Watan Fabrairu

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan zamanka a Injamena. Yaya kasuwa, yaya kuma ciwon gwiwar nan? Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Iya Kolo tana gaida ɗanta, ta ce turaren wutan da ka aiko mata ya fi na bara ƙamshi. 'Yarka Fanna tana nan da surutunta.

Na ga gara in rubuta in ba Sabo direba ya kawo maka, don a waya kullum kana cikin hayaniyar kasuwa, ba na kai ƙarshen magana.

Ɗanmu Ɗantani ya sake yin rajistar JAMB. Wannan ne zamansa na uku. Malamansa sun ce da makin da ya samu bara, da wani fannin ya nema da tuni yana jami'a, amma ka san likitanci bai san "saura kaɗan" ba. Da safe yana tafiya lesin a ƙafa, ya dawo da la'asar ya shige ɗakin soro. Bangon ɗakin duk ya lulluɓe shi da takardu, har bayan ƙofa, ga zanen ƙasusuwan mutum, ga sunayen sinadarai. Ƙwallon da yake bugawa da yamma a gindin Dala ya bari.

Ran nan Mustafa, abokinsa na unguwar Soron Ɗinki da ya shiga jami'a bara, ya zo gaishe mu. Ɗantani yana ciki ya sa Fanna ta ce ya fita. Ga takalmansa a bakin ƙofa. Mustafa ya gan su, ya kau da kai, ya ce a gaishe shi.

Malam, ban manta ranar tafiyarka ba, da ka tsaya a zaure da jaka a hannu ka ce wa Ɗantani idan bai samo likitanci bana ba, kada ya zo tarbarka a tasha. Na san ɓacin rai ne, kuma alheri kake nema masa. To shi bai ɗauke ta haka ba. Ɗan fari ne, maganarka a wurinsa yankan wuƙa ce. Idan kun yi waya, ka ɗan sassauta masa.

Allah Ya ba da kasuwa, Ya dawo mana da kai lafiya.

Matarka,
Hafsat

Zaitawa, Kano
Cikin azumi

Zuwa ga Malam,

Sallama irin ta addinin Musulunci. Yaya ibada, yaya zafin can? Namu nan sai godiya, wuta kuwa sai mu yini ba mu gan ta ba. Saƙon dabino ya iso, Allah Ya ƙara buɗi. Iya tana azuminta daram, ta ƙi jin maganar kowa.

Na yi ta juya yadda zan faɗa maka abin da ya faru. Ka san tun da ƙafar Iya ta hana ta zuwa masallaci, Ɗantani ne ke jan mu asham a tsakar gida. Daren Juma'a muna raka'a ta biyu, ya kai tsakiyar Fatiha sai ya tsaya. Fatiha fa, Malam. Yaron da ya haddace Alƙur'ani a gaban marigayi mahaifinka. Muka jira. Fanna ta ɗora masa ayar daga baya, ya maimaita, ya sake tsayawa. Sai kawai ya yi sallama, ya zauna ya riƙe kai da hannu biyu. Da na dafa shi ya ce, "Umma, kaina ya cika, babu inda zan sa komai." Rabon da in ga hawayensa tun yana firamare.

Iya ta ce baki ne, ta aika aka karɓo rubutu. Na ba shi ya sha. Amma washegari na roƙi ƙanenka Aliyu ya raka mu asibiti. Likitan ya daɗe da shi a ciki, sannan ya kira ni ya ce ciwon damuwa ne, ga rashin barci ya yi masa yawa. Ya rubuta magani, ya ce lallai ya ajiye littattafan nan ya huta, ko da zai rasa jarrabawar bana. A hanya cikin adaidaita sahu na faɗa wa Ɗantani haka. Bai kalle ni ba, ya ce, "Baba bai ce in huta ba."

Ka yi mini ƙorafi cewa ba ya ɗaukar wayarka, kana ganin raini ne. Wallahi ba raini ba ne. Na taɓa ganinsa wayar tana ƙara a hannunsa, yana kallon sunanka har ta katse. Ya san bayan sallama abin da za ka fara tambaya shi ne karatu.

Yanzu maganin yana sa shi barci, shi kuma yana jin haushin barcin. Jiya na tarar ya zuba ruwa a bokiti ya tsoma ƙafafu yana karatu da rana tsaka, da azumi a bakinsa. Na ɗauke bokitin.

Don Allah ka kira wayata in kai masa. Ka tambaye shi azumi, ko zafi, ko ƙwallo. Ko me ka ga dama, ban da jarrabawa. Ka sa shi a addu'a lokacin buɗa baki.

Taka har kullum,
Hafsat

Zaitawa, Kano
Watan Mayu

Malam,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, ka kuma yi salla lafiya. Iya da Fanna suna gaishe ka. Na jira kiran nan har azumi ya wuce. Na san kasuwar salla ba ta barin mutum, ban riƙe ka ba.

An yi jarrabawa. Ni na raka shi da kaina, don cibiyar da aka tura shi tana can bayan gari. Na zauna a gindin wata darbejiya tare da wasu iyaye, kowa da carbi. Da aka tashi yara suka yi ta fitowa, wasu na dariya, wasu na gardama a kan amsa. Shi ne kusan na ƙarshe. Ya zo ya zauna kusa da ni a ƙasa, da fararen kayansa, ya ce, "Umma, mu tafi gida, na gaji."

Sai bayan kwana biyu ya faɗa mini. Ya ce tambayoyin farko ya san su sarai, ya amsa. Da ya zo kan wata da yake shakka, sai ya ji idan ya kuskure ta shi ke nan. Ya kasa zaɓa, ya kuma kasa wucewa. Haka ya zauna yana kallon agogon kwamfutar yana raguwa har ta rufe. Ba laifin na'ura, ba laifin kowa.

Daga ranar ya daina cin abinci, sai ruwa da ɗan kunu idan Iya ta matsa masa. Muka koma asibiti aka canja magani. Ni da Fanna muka ɓamɓare takardun bangon nan muka ɗaure su a buhu, yana zaune yana kallonmu bai hana ba. Na ce masa ni dai na yafe masa likitanci duniya da lahira, lafiyarsa nake so. Aliyu ya fara tafiya da shi rumfarsa a kasuwar Kurmi da safe, ba don ya yi aiki ba, don dai ya ga mutane. Mustafa ma ya sake zuwa, wannan karon Ɗantani ya bari ya shiga, sun daɗe tare a ɗakin.

Sakamako ya fito, bai duba ba, ni ma na hana Fanna dubawa. Saƙonka ya shigo wayata shekaranjiya, kana tambaya nawa ya ci. Ban nuna masa ba. Abin da zan iya faɗa maka, jiya ya ci tuwo rabin malmala da miyar kuka, har ya ce a ƙara masa yaji. Iya ta koma ɗaki ta yi sujada.

Malam, tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa tsallake maganarka ba, kai ma shaida ne. Ba na so in fara yanzu. Amma yaron nan saura ƙiris ya kuɓuce mana, kuma har yau likita bai ce an tsira ba. Idan kana da halin zuwa, ka zo. Idan babu hali, ka kira. Sai dai ni zan ɗauka, kuma sai na ji abin da za ka faɗa masa kafin in miƙa masa wayar. Ka gafarce ni.

Allah Ya ba shi lafiya, Ya sanyaya maka zuciya.

Matarka,
Hafsat